Harsashi Ya Yi Tsada: Wa Ya Rataye Bindiga, Wa Ya Ci Gaba Da Harbi?

 Ga shirinmu na wannan mako, daga nan Dangoma, ƙaramar hukumar Kalgo, masarautar Gwandu. Ina gaida masu saurarenmu na Birnin Kebbi da Jega da Bunza da Argungu, da 'yan uwa da ke ci-rani Abuja da Legas suna bin mu ta waya. Kamar kullum, wanda datarsa ba ta isa ya saurari murya ba, ga rubutun nan mun buga mashi.

Yau maganar harsashi za mu yi. Na san da jin haka wani zai gyara zama ya ce, to, yau kuma ina aka nufa? Kwantar da hankalinka. Maganar tsada ce da ƙaranci, irin wadda muka saba yi a kan taki da fetur da buhun shinkafa, sai dai wannan kayan yana da wani hali da sauran ba su da shi. In shinkafa ta yi tsada, kowa ne ke rage ci. In harsashi ya yi tsada, mutumin kirki ne ke rataye bindigarsa, mugu kuwa ko a jikinsa. Wannan shi ne abin da nake son mu tattauna, kuma ina son matasa su saurara da kyau, don akwai tarko a cikin lamarin da aka ɗana saboda ku.

Bari mu fara da su wa ke harba bindiga a ƙasarmu ba don faɗa ba. Na farko mafarauta. Da an kawar da amfanin gona, hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, za ka ga an fara gayyar farauta. Wasu sana'arsu ce da suka gada, wasu kuwa sha'awa ce zalla: mutum yana da shagonsa ko aikinsa na gwamnati, amma ranar hutu sai ya saɓa bindiga ya bi fadama neman dinya da kirinjijiya, ko ya shiga saura neman zomo da zabon daji da fakara. Na biyu, 'yan bindigar sarakuna, waɗanda ke buga bindiga ranar hawan Sallah ko naɗin sarauta, ƙara da hayaƙi kawai, ba wanda ake nufi. Na uku manoma, masu korar birai daga gonar masara, ko masu tayar da jan-baki daga shinkafa da ƙarar bindiga. Duk waɗannan ba su da abokin gaba sai dabba da tsuntsu.

Bindigoginsu iri biyu ne. Akwai ta gargajiya, bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasu su ce adaka, wasu su ce harba-ka-ruga. Akwai kuma mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a saka mata harsashinta na kwali ko na roba, wanda mafarauta ke ce wa katirij. Shi wannan katirij ɗin shi ne ya zama gwal. Duk mafaraucin da ka zauna da shi a yankin nan, kukan ɗaya ne: ba ya samuwa, in ya samu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin naman da za a harbo da shi. Wani dattijo a cikin danginmu, wanda ya yi shekara fiye da talatin yana bin daji, ya ce da ni: "Ɗana, da can in munka fita ba mu ƙidayar harbi. Yanzu sai ka ga zabo ka tsaya kana lissafi, har ya tashi."

Kafin mu zo kan dalilan namu, bari in kai ku Amurka, don ku ga cewa abin ya taɓa faruwa har a ƙasar da ta fi kowace yawan bindiga a hannun farar hula. Can, harbi wasa ne kamar yadda muke zuwa kallon ƙwallo. Akwai filayen da aka keɓe, mutum ya biya kuɗi, ya tsaya da ƙaramar bindigarsa ta hannu, wato fistol, yana harbin takarda da aka zana wa da'ira. A zama ɗaya sai ya ƙarar da harsashi ɗari ko fiye. To a shekarar 2020 abubuwa uku suka haɗu masu: annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a watan Mayu, da zaɓen shugaban ƙasa mai zafi tsakanin Trump da Biden. Tsoro ya kama mutane, kowa ya ruga shagon bindiga. A wannan shekarar hukumar FBI ta yi binciken tantance masu neman bindiga kusan sau miliyan 40, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kuma ƙungiyar masu sana'ar ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 8 ne suka sayi bindiga karo na farko a rayuwarsu.

Kowane sabon mai bindiga kuwa yana son harsashi. Ana cikin haka, kamfanin Remington, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ƙera harsashi a ƙasar, ya durƙushe a watan Yulin 2020, sai da wani kamfani ya saye masana'antarsa ya sake tayar da ita. Shaguna suka koma wayam. Harsashin fistol da aka fi amfani da shi, mai milimita 9, kuɗinsa ya ninka har ya kai wajen sau uku, shaguna suka riƙa ƙayyade kwali nawa mutum ɗaya zai saya. Da mutane suka ga haka, sai kowa ya shiga ɓoyo, wanda ke bukatar kwali biyu ya sayi goma in ya samu, ƙarancin ya ƙara tsanani. A watan Agustan 2021 kuma gwamnatin Biden ta hana ba da sabon izinin shigo da harsashi daga Rasha, wanda shi ne mai araha a kasuwarsu. Masu harbin nishaɗi da yawa suka rage zuwa fili.

Amma ku lura da abu ɗaya. Ba'amurke da harsashi ya yi wa tsada, abin da ya rasa shi ne wasan ranar Asabar. Ya jira, masana'antu suka ƙara aiki dare da rana, farashi ya sauko. Namu ba haka yake ba, kuma dalilin farko shi ne doka.

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kafin samun 'yancin kai, kuma ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko su ne haramtattu: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, har da fistol da libarba. Waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Ka ga ke nan irin wasan harbin fistol na Amurkawa ba shi da wuri a wajen talaka a nan, duk wanda ka gani da fistol a aljihu, in ba jami'in tsaro ba ne, to akwai magana. Gida na biyu su ne irin bindigar farauta mai cin katirij, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, nasu lasisin yana wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Abin da matasa da yawa ba su sani ba kuwa shi ne, harsashin kansa yana ƙarƙashin doka. Ko ba ka da bindiga, in aka kama ka da harsashi ba tare da lasisin bindigar da ke cinsa ba, ka aikata laifi. Kuma hukuncin riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba yana kaiwa ɗaurin shekara goma.

Wannan takurawar tana da tsohon tarihi. Tun 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka amince a hana sayar wa Afirka bindigogin zamani, aka bar mana masu ɗuri da albarushin kasuwa. Shi ya sa kakanninmu suka ƙware a kan bindigar toka, maƙera suka koyi ƙera ta da gyaranta. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, da bindiga mai aman wuta suka zo, suka tarar da dawaki da masu da kibau. Daga lokacin har yau, bindiga mai kyau da harsashinta kaya ne da ake shigowa da su, hukuma na riƙe da ƙofa.

To me ya sa ƙarancin ya yi tsanani a 'yan shekarun nan? Zan kawo dalilai huɗu.

Na ɗaya, dala. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, yayyenmu da ƙannenmu da ke harkar canji a Abuja da Legas kullum labarin da suke kawowa ke nan. A watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haye naira 1,500. Yi lissafi da kanka: kayan da ake sayowa dala ɗaya, ko mai shi bai ƙara ko sisi ba, kuɗinsa a naira ya ninka fiye da sau uku. Yawancin katirij ɗin da ke hannun mafarauta daga waje yake zuwa. Muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, amma aikinta na farko sojoji da jami'an tsaro ne. Ƙara da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dakon komai daga tashar jirgin ruwa zuwa Kebbi. Can kasuwar duniya ma kayan haɗin sun yi tsada, don tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, masana'antun albarushi suka juya wajen cika odar sojoji.

Na biyu, ƙofar lasisi a rufe take. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa 'yan sanda sun dakatar da ba da lasisin ƙananan bindigogi, saboda makaman da ke yawo a ƙasa sun yi yawa. Kafin nan ma an sha sa takunkumi. Kuna tune da watan Yunin 2022, lokacin da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, sai hukumomin tsaro na tarayya suka ce ba shi da wannan hurumin. In ba a ba da sabon lasisi, dillalin da ke da rajista ba shi da sababbin masu saye, sai ya rage shigo da kaya ko ya sake sana'a. Halastacciyar kasuwa ta tsuke ke nan.

Na uku, iyakoki da kwastan. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakarmu da su, mutanen Kamba sun san yadda kasuwa ta mutu a lokacin, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. A tashoshin ruwa kuma an yi manyan kamu. A Janairun 2017 kwastan suka kama bindigogi 661 a Legas. A farkon Yulin 2024 suka nuna wata kwantena a tashar Onne ta jihar Ribas, daga Turkiyya, ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500. Wannan aiki ne mai kyau, Allah Ya ƙara masu ƙarfi. Amma ku duba adadin. Mutum ba ya zuba kuɗinsa a kwantena guda ta haram sai ya tabbata akwai masu saye suna jira.

Shi ne ya kawo mu dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi: rashin tsaro. A nan akwai abin da ya kamata a bambance. Ɗan bindigar daji yawanci AK-47 yake riƙewa, harsashinta daban ne da katirij ɗin mafarauci, kuma da kuɗin fansa yake saye, ko nawa aka ce zai biya, tunda ba guminsa ba ne. Wanda ke gogayya da mafarauci a kan katirij shi ne ɗan banga da ɗan sa-kai, wanda ke gadin garinsu da irin bindigar farautar nan. Ga kuma rundunonin tsaron al'umma da jihohi suka kafa: Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024, Sakkwato ma ta bi sahu. Ƙauyen da ake kai wa hari yana haɗa kuɗi gida-gida don sayen katirij, kuma mutumin da ke tsoron a kwashe mashi iyali zai biya abin da mai neman zabo ba zai iya biya ba.

Kebbi ba a bar mu a baya ba wajen wannan jarrabawa. Ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace ranar 17 ga Yunin 2021. 'Yan sa-kai fiye da 60 da aka yi wa kwanton ɓauna a yankin Sakaba ta masarautar Zuru a watan Maris na 2022. Mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie da Lakurawa suka kashe a Nuwambar 2024. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tsoro na ƙaruwa, masu neman harsashi na ƙaruwa, farashi na tashi. Irin abin da ya faru a Amurka ne a 2020, sai dai mu tsoron namu yana da gawarwaki a bayansa.

Yanzu mu zo kan abin da tsadar ke haifarwa, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na ɗauko maganar.

Abu na farko, dabarar tsiya. Da katirij ya gagara, sai wasu suka koma tsintar kwanson da aka riga aka harba suna sake cika shi a gida, wasu kuma suka koma bindigar toka suna cusa mata abin da ya fi ƙarfinta, ko su sayi albarushin da ba a san wanda ya haɗa shi ba. Ba zan yi bayanin yadda ake yi ba, kuma ina roƙon kada wanda ya tambaye ni. Abin da zan faɗa shi ne abin da idona ya gani. Akwai wani abokin tasowata, manomi ne mai 'ya'ya huɗu, bindiga ta fashe a hannunsa wajen korar birai. Yatsu uku suka tafi. Kuɗin da aka kashe a asibiti ya sayi katirij na shekaru, kuma har yau ba ya iya riƙe fartanya yadda ya kamata. Bututun ƙarfen da maƙeri ya naɗa yana da iyakar abin da zai ɗauka, ba ya kuma yi maka gargaɗi kafin ya buɗe. Ga ido, ga fuska, duk suna kusa da wurin. Araha ba ta ado, jama'a.

Abu na biyu shi ne tarkon da na ce an ɗana maku. Duk kayan da ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu, dakonsa yana da kuɗi. Masu safarar harsashi ba sa ɗauka da kansu. Suna neman yaro mai babur, ko ɗalibi da ke komawa makaranta, ko mace mai goyo, wanda ba za a zarga ba a shingen bincike. Kuna ganin labaran da 'yan sanda da sojoji ke fitarwa: harsasai a cikin buhun hatsi, a cikin jarkar manja, a ƙarƙashin kujerar mota. Yadda ake fara jawo mutum kuwa da sauƙi yake. A ce maka, ɗan saƙo ne, kai shi gari kaza, ga dubu kaza. Ko a ce maka, ai na mafarauta ne, ko na 'yan banga ne, taimakon al'umma kake yi. Kai da ba ka da aikin yi, kuɗin da aka ambata ya fi abin da kake samu a wata, sai zuciya ta fara raya maka.

Tsaya ka yi tunani, ɗan'uwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka kuɗin wata guda don tafiyar awa biyu, ya san abin da ke cikin ƙunshin, kuma ya san dalilin da ya sa bai ɗauka da kansa ba. Ba ka da hanyar sanin inda kayan za su ƙare. Dillalin bayan fage ba shi da amana ga kowa, wanda ya fi biya shi yake sayar wa, yau ɗan banga, gobe wanda ɗan bangan ke gadi saboda shi. In aka kama ka, kai ke hannu, shi wayarsa a kashe. In ba a kama ka ba, wataƙila harsashin da ka kai shi ne zai dawo ƙauyen kakarka. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ranar da asiri ya tonu, jama'ar gari ba za su tuna da wanda ke daji ba, kai da suka sani, suka san gidanku, kai za su riƙa nunawa, har 'ya'yanka su gaji sunan.

Haka ma mafaraucin da ya ce shi dai zomo yake nema, don haka ba laifi ya sayi guda biyar a bayan fage. Baba, da girmamawa, kuɗinka ne ke raya wannan hanyar. Hanyar da ta kawo maka guda biyar ita ce ke kai wa wasu dubu biyar.

Abu na uku, sunan mafarauci ya shiga haɗari. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi ta jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta 'yan Arewa da ke dawowa daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. An ga bindigogin toka a tare da su, aka yi masu ihun masu garkuwa, aka kashe mutum 16. Allah Ya gafarta masu. Babu abin da zai halasta wannan ta'asa. Amma darasin da ke ciki mai ɗaci ne: a Najeriyar yau, wanda ya ga bindiga ba ya tsayawa tambayar ta farauta ce ko ta fashi. Saboda haka takarda, da shaidar ƙungiya, da sanar da hukuma kafin tafiya, sun zama kariya ga ran mafarauci kansa.

To mene ne mafita? Ni ba ɗan majalisa ba ne, amma ga abin da nake gani.

Ga hukuma: rufe ƙofa gaba ɗaya bai hana mugu samu ba, ya dai tura mai gaskiya bayan fage. Muna da tsarin da ya girmi dokar 1959, wato sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa, ga hakimai da dagatai a ƙarƙashin masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Waɗannan sun san kowane mafarauci da ubansa da kakansa. A yi rajistar mafarauta ta hannunsu tare da 'yan sanda. A ƙayyade abin da mai lasisi zai saya a shekara, daga dillali sananne, a rubuta, kuma ya dawo da kwanson da ya harba kafin a ba shi wani. Akwai cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, irin wannan aiki nata ne. Harsashin da aka ƙidaya aka rubuta sunan mai shi ya fi sauƙin bi a kan wanda ya shigo cikin buhun gero.

Ga iyayenmu mafarauta: ku riƙe ƙungiyarku da kyau, ku san wanda ke shiga cikinku. Bindigar da ta tsufa a kai wa maƙeri ya duba, wadda ta tsage a haƙura da ita. A raba bindiga da harsashi wajen ajiya, a kulle, kada yara su kai hannu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, dajin ma ya ƙare. Inda ake ganin barewa da gada a da, yau gonaki ne. Ko da harsashi ya koma kyauta, naman ba zai dawo ba in ana harbin mai ciki da mai shayarwa, ana cinna wa daji wuta don ɓera. Tsadar nan ta zama dalilin da za a rage harbi a bar dabba ta hayayyafa.

Ga matasa masu sha'awar farauta: sha'awarku ba laifi ba ce, gadonmu ce. Amma jarumtar farauta ba a bakin bindiga ta fara ba. Kakanninmu da kare da gora da kwari da baka suka yi suna. A Tabkin Kwatto a 1804, rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, wanda daga baya ya zauna Gwandu, da maharba kibiya ta karya dawakin Gobir. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, har gasar kama agwagwar ruwa da hannu ake yi. Ka koyi bin sawu, ka koyi kiwon kare, ka san iska da lokacin da zabo ke sauka shan ruwa. Harbin baka wasa ne da ake gasarsa har a Olamfik, ba ya bukatar dala, ba ya kai mutum gidan yari. Me zai hana matasan Kalgo da Gwandu su kafa ƙungiyar harbin baka, a riƙa gasa lokacin Sallah?

In kuma wani ya zo maka da ɗan saƙon da ba ka san cikinsa ba, ka ce a buɗe ka gani. In ya ƙi, ka bar mashi kayansa. In ka fahimci abin da ke ciki, ka sanar da mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaro ta hanyar da ba za ka jefa kanka cikin haɗari ba. Masu kabu-kabu da direbobin tasha, ku wannan ya fi shafa, don ku ake fara nema.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ke da mafarauci a gidansu, don Allah ya kunna mashi wannan shiri ko ya karanta mashi, musamman maganar sake cika kwanso, kada a sake rasa yatsu a kan zomo. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya kare manoma da makiyaya da matafiya, Ya sa mu ga ranar da ba za a ji ƙarar bindiga a ƙasar Gwandu ba sai ranar hawan Sallah. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.